Haƙoran yaro sun fara hawan juna: sai an cire turamen ƙarshe?

Akwai wata tambaya da ta fara yawaita a filinmu na kiwon lafiya, kuma galibi ta hanya biyu take zuwa. Ko dai ɗan uwa yana zaune Faransa ko Beljiyam ko Amurka, ya kai ɗiyarsa mai shekara 14 wurin likitan haƙori saboda haƙoranta na gaba sun fara hawan juna, aka ce masa a cire mata turamen ƙarshe guda huɗu tun ba su hudo ba, shi kuma ya bugo gida hankali a tashe yana neman shawara. Ko kuma yaron yana nan gida, a Tasawa ko Madawa ko Matamai, uwa ta lura haƙoransa sun soma karkacewa, aka ɗauki hoto aka tura ta WhatsApp, kawunsa da ke can ya ce a gaggauta kai shi birni a cire na ƙarshen, ai haka ake yi a wurinsu, har ya turo kuɗin mota.

Mun tattara abin da aka sani kan lamarin wuri ɗaya, don wanda bai ji shirin ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya samu abin komawa. Amsar a taƙaice: motsin haƙoran gaba shi kaɗai bai isa dalilin cire turmin ƙarshe ba. Ana cire shi ne in shi kansa ya lalace, ko yana lalata maƙwabcinsa, ko yana ta kawo ciwo. In haƙoran yaro na motsi, abin nema shi ne mene ne ke motsa su. Wani lokaci dalilin ba komai ba ne, wani lokaci kuma ya fi maganar turmi nauyi nesa ba kusa ba.

Wane haƙori ake nufi?

Yaro yana da haƙoran nono 20. Wajen shekara 6 yake fara famfara, su riƙa zuba ɗaya bayan ɗaya har wajen shekara 12, na girma suna maye gurbinsu. Cikakken bakin babba haƙori 32 ne, 16 sama, 16 ƙasa. A kowane lungu na baki akwai manyan turame uku, kuma su ba gurbin kowa suke cikewa ba, a bayan haƙoran nono suke fitowa. Na farko yana hudowa wajen shekara 6, na biyu wajen 12, na uku kuma, wanda muke magana a kansa, yawanci tsakanin 17 da 25. Da Faransanci ana ce masa dent de sagesse, wato haƙorin hankali, don sai mutum ya mallaki hankalinsa yake zuwa. A takardar likita da lamba ake rubuta su: 18 da 28 su ne na sama, 38 da 48 na ƙasa. Haka ake yi a nan Nijar da Faransa da Beljiyam. A Amurka lambobin daban ne: 1, 16, 17 da 32.

Tun yaro yana shekara 8 zuwa 10 ƙwayar wannan haƙori take fara ƙulluwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Shi ya sa in aka yi wa ɗan shekara 13 hoton baki, za a gan shi kwance kamar iri cikin ƙasa, kai ya haɗu, saiwa ba ta fito ba tukuna. Ganinsa a hoto ba ciwo ba ne. A wannan lokaci ma yakan kasance a karkace, kuma wani yakan miƙe da kansa in muƙamuƙi ya ƙara girma. Binciken da aka yi a Najeriya da gabashin Afirka ya nuna a wajenmu yakan fito da wuri fiye da na Turawa, don haka kada ku yi mamaki in yarinya ƴar shekara 15 ta ce wani abu na huda mata dasashi can ciki. Wasu kuma ba su da shi sam, ko suna da biyu ko uku maimakon huɗu, kuma bai rage su da komai ba.

Matsalarsa ita ce shi ne na ƙarshen zuwa, kamar wanda ya makara a motar kasuwa. In da wuri, ya zauna ya yi aikin tauna kamar kowa. In babu, ko ya maƙale cikin ƙashi, ko ya jingina da na gabansa, ko ya leƙo rabi dasashi ya rufe rabi. Masu bincike da yawa na ganin abinci mai laushi yana hana muƙamuƙi buɗewa sosai, wanda ya tashi yana tauna rake da aya da goriba da kilishi kuma ya fi samun wuri a baki fiye da wanda ya tashi a biredi da taliya. Ba doka ba ce, amma ta isa ta nuna cewa abin da aka saba yi wa yaran Turai ba lallai ne ya dace da kowane yaro ba.

Shin shi ne ke turo na gaba?

A nan gizo ke saƙa. A ido, maganar tana da kan gado. Daga shekara 16 zuwa 20 da wani abu, haƙoran gaba na ƙasa sukan fara matsuwa, wannan ya ɗan shige ciki, wancan ya leƙo waje. Daidai lokacin ne kuma turmin ƙarshe ke fitowa. Sai kowa ya ce ga mai laifi nan, yana turowa daga baya, layi duka ya matsa gaba. Likitoci da kansu sun daɗe suna koyar da haka. Amma don abu biyu sun zo tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya kawo ɗaya ba. Shamuwa takan iso gab da damina, amma ba ita ke kawo ruwan ba.

An gwada abin. A birnin Biristol na Ingila, wani likita mai suna Nigel Harradine da abokan aikinsa sun ɗauki matasa 164 da suka gama gyaran haƙori, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka cire musu turamen ƙarshe, wasu aka bar musu. Bayan shekara biyar da ɗoriya, 77 daga cikinsu suka dawo aka auna, aka buga sakamakon a 1998. Duka ɓangarorin biyu haƙoran gaba sun ɗan matsu. Bambancin da ke tsakaninsu kusan milimita ɗaya ne, kuma lissafi ya nuna bai wuce abin da dace kawai ke iya kawowa ba. Masu binciken suka ce ba su ga hujjar cire turmin ƙarshe don hana wannan matsuwa ba. A jami'ar Washinton da ke Siyatil ma, Robert Little da abokan aikinsa sun bi mutane shekaru da yawa bayan gyaran haƙori. Suka tarar da matsuwar a bakin wanda nasa suka fito, da wanda nasa suka maƙale, da wanda aka cire wa, har da wanda Allah bai halitta masa su ba tun farko. To in babu mai turowa kuma haƙora suka matsu, ai sai a sake neman mai laifi.

Hukumomin lafiya sun bi wannan sahu. A shekarar 2000, hukumar NICE ta Ingila ta ce a daina cire turmin ƙarshe da ya maƙale matuƙar ba shi da ciwo. A 2019 hukumar lafiya ta Faransa, HAS, ta fitar da nata jagoran, kuma ita ma ba ta ba da shawarar a cire shi don kawai hana haƙoran gaba cunkushewa ba. Ƴan uwa da ke Faransa, wannan a ƙasar da kuke zaune aka rubuta shi, kuna da damar ku tambayi likitanku a kansa. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci na duniya tana tantancewa, ta sake duba lamarin a 2020, ta ce shaidar da ake da ita ba ta isa a ce cire turmin da ba shi da ciwo ya fi barinsa ba, ba ta kuma isa a ce barin ya fi ba.

To me ke kawo matsuwar? Muƙamuƙin ƙasa yana ci gaba da girma bayan na sama ya tsaya, musamman ga maza. Haƙoran gaba na ƙasa sai su ci karo da bayan na sama, su koma ciki su matsu. Leɓe na dannawa daga waje, harshe daga ciki, kuma haƙora a ɗabi'arsu suna ɗan matsowa gaba duk tsawon rayuwa. Wanda ya duba hotonsa na katin ɗan makaranta ya duba madubi yau zai gane.

Ga yaran da aka sa wa ƙarfen gyaran haƙori, akwai wani dalili da ya fi kowanne yawa. Bayan an cire ƙarfen, ana ba su abin riƙewa da ake sawa da dare, ko a manna musu siririyar waya a bayan haƙora. In yaro ya daina sawa, ko wayar ta ɓalle ba a gyara ba, haƙora za su kama hanyar komawa inda suka fito. Kafin a je ga maganar aiki, a tambayi yaron: yaushe rabonka da sa shi?

In yaron bai kai shekara 13 ba

A nan turmin ƙarshe bai ma shigo lissafi ba, yana can binne, ba shi da saiwar da zai tura kowa da ita. Tsakanin shekara 7 da 11 bakin yaro ba shi da kyan gani, kuma haka Allah ya tsara. Haƙoran girma sun fi na nono faɗi, suna fitowa cikin ƙaramin muƙamuƙi. Na ƙasa kan hudo a bayan na nono, kamar layi biyu, daga baya harshe ya turo su wurinsu. Na sama kan fito da wushirya a tsakani suna kallon gefe, kuma in fiƙoƙi suka sauko wajen shekara 11 ko 12, sau da yawa su ke matse su wushiryar ta rufe. Wadda ba ta rufe ba kuwa, mu a nan ado ce, ba wanda ya taɓa kai ƙararta.

Abin da ya fi ɓata layin haƙora a ƙauyukanmu shi ne rasa haƙori kafin lokacinsa. Turmin nono yana tsare wa na girma wuri. In alewa da biskit da lemon kwalba suka cinye shi aka cire tun yaro yana shekara 5 ko 6, na bayansa sai ya matso ya cinye filin, mai gurbin ya zo ya rasa inda zai tsaya, ya fito ta gefe. Tsotsar yatsa da ta wuce shekara 5 ko 6 tana turo na sama waje. Yaron da kullum hancinsa a toshe yake, yana numfashi ta baki, shi ma tsarin haƙoransa kan canza. Wani lokaci kuma wani ƙarin haƙori ne ya ɓuya tsakanin na gaba biyu, sai hoto ke nuna shi.

Akwai kuma turmin shekara 6, kuma muna roƙon iyaye mata su riƙe wannan. Da yake yana fitowa ba tare da wani ya faɗi ba, mutane da yawa suna ɗaukarsa na nono ne. In ya yi kogo sai a ce a bar shi, ai zai zuba wani ya fito. Ba wani da zai fito. In aka kai ga cire shi, na bayansa ya kwanto cikin giɓin, na samansa ya zazzago, layi ya rikice. A irin wannan baki turmin ƙarshe dukiya ne. In na biyu ya matso gaba, na ukun yakan samu wuri ya fito ya cike aikin tauna. Yaron da ya riga ya rasa turmi ɗaya, ko yake da wanda ya lalace ƙwarai, bai kamata a yi saurin raba shi da na ajiyarsa ba.

Motsin da ba a jira da shi

Matsuwa a hankali, ta shekara da shekaru, ba ciwo ba jini, ba ta gaggawa ba ce. Amma akwai motsin da ba a kwana da shi.

In saurayi ko budurwa haƙoran gaba suka fara warewa suna barin giɓi inda da babu, suna girgiɗi, dasashi na jini in an yi asuwaki, wannan ba turmin ƙarshe ba ne. Akwai wani ciwon dasashi mai saurin ci da ke kama matasa, yana cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoran gaba da turamen shekara 6, kuma an fi ganinsa a matasan arewaci da yammacin Afirka fiye da Turawa. Abin tsoro da shi, sau da yawa ba ya zafi, bakin ma yana iya zama fes a ido. In aka kama shi da wuri ana tsayar da shi da wankin ƙarƙashin dasashi da magani. In aka ɓata lokaci ana zancen turmi, sai a wayi gari ɗan shekara 20 ba haƙoran gaba.

In kuma ƙaramin yaro ne, ɗan shekara 4 zuwa 10 ko kusa da haka, muƙamuƙinsa ya kumbura gefe ɗaya cikin ƴan makonni, haƙoran wurin suka yi sako-sako suka bar mazauninsu, a kai shi babban asibiti a ranar. Akwai wani ciwon daji na yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, kuma a muƙamuƙi yake yawan farawa. Yana girma da sauri ƙwarai, amma yana jin magani in an fara da wuri. Kada a ce hangum ne a zauna, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada kuma a cire haƙoran da suka yi girgiɗi a ce an gama. Ga matasa da manya, kumburin muƙamuƙi mai tauri da ke girma a hankali ba zafi yana ture haƙora, shi ma hoto yake buƙata, don yana iya zama ƙari ko jakar ruwa cikin ƙashi.

Sannan ciwon turmin ƙarshe kansa yana iya zama haɗari. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, ga zazzaɓi, ko numfashi ya fara wuya, wannan ruɓa ce ke yaɗuwa, kuma tana kisa. Ba a jiran ranar kasuwa. A je CSI mafi kusa, majo ya ba da takardar wucewa gaba.

Yaushe cirewa ke zama daidai?

In turmin ya yi kogon da ba ya cikuwa. In ya tara mugunya. In hoto ya nuna yana cin saiwar na gabansa, ko ya sa masa kogo a inda suka haɗu. In akwai jakar ruwa ko ƙari a kewayensa. In na sama ya fito a karkace yana ta cizon kunci. Sai kuma wanda ya fi yawa: haƙori ya leƙo rabi, fatar dasashi ta rufe rabi, abinci na shiga ƙarƙashi yana ruɓewa, wurin ya kumbura yana wari da zafi. Karo na farko, in bai yi tsanani ba, ana wanke wurin a ba da magani a jira, don mai yiwuwa haƙorin kan hanyarsa yake, in ya gama fitowa shi ke nan. In abin ya dawo karo na biyu ko na uku, to cirewa ta fi. Ɗan zafin da ake ji na kwana biyu ko uku lokacin da yake huda dasashi ba ya cikin wannan lissafi.

Wani lokaci likitan gyaran haƙori yakan nemi a cire shi don yana son ya ja turamen gaba zuwa baya, ko don turmin shekara 12 ya kasa fitowa saboda na ukun ya hau kansa, ko ana shirin aikin ƙashin muƙamuƙi. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma sun bambanta da cewa kawai kada na gaba su motsa.

Hujjar masu cewa a cire da wuri

Ba za mu ce ba su da abin faɗi ba. Rigakafi ya fi magani, in ji su. Aikin ya fi sauƙi kafin shekara 25, lokacin da saiwa ba ta gama tsawo ba, ƙashi bai yi tauri ba, jiki na saurin warkewa. Turmin da ya kwanta ya jingina da na gabansa, rabinsa a waje, yakan sa wa maƙwabcin kogo a ɓoye, a zo ana shekara 30 a rasa biyu maimakon ɗaya. Likitocin Ingila da kansu, bayan shekaru suna bin dokar 2000, sun fara cewa irin wannan kwanciya ta cancanci a duba ta daban. A Amurka kuwa cirewa da wuri ta zama al'ada: wani likita mai suna Jay Friedman ya ƙiyasta a 2007 cewa ana cire kusan miliyan 10 a shekara daga bakin mutum miliyan 5, kuma shi yana ganin mafi yawansu ba su da dalili. A can ma gardamar ba ta ƙare ba.

Mu a namu ganin, akwai wani abu da littattafan Turai ba su lissafa ba, shi ne nisa. In likita ya ce a bar shi a riƙa dubawa, yana nufin a dawo duk shekara ko shekara biyu. Wanda ke Yamai ko Liyon zai iya. Wanda ke ƙauye mai nisan yini guda da likitan haƙori, ko saurayin da zai tafi ci-rani Libiya ko wurin haƙar zinariya ya shekara biyu, lissafinsa daban ne. In nasa ya riga ya leƙo rabi, ya taɓa kumbura, hoto kuma ya nuna a kwance yake ba zai miƙe ba, gara a cire shi cikin natsuwa kafin tafiya. Amma wanda ke binne duka cikin ƙashi, dasashi ya rufe shi ruf, bai taɓa damun kowa ba, nisa ba ta zama dalilin tono shi ba.

Abin da aikin ke iya jawowa

Cire turmin ƙarshe na ƙasa da ya maƙale ba fizga ba ce, aiki ne. Ana tsaga dasashi, wani lokaci a ɗan rage ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, a ɗinke. Kumburi da ƙin buɗuwar baki na ƴan kwanaki kusan kowa na yi. Akwai jijiyar da ke bi ƙarƙashin saiwoyin tana kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, da wata a gefe mai kai ji ga harshe. In aka taɓa su, wurin ya mutu kamar allura ba ta sake ba. Ga ƴan kaɗan cikin ɗari hakan na faruwa ya warke cikin makonni ko watanni, ga ƙasa da ɗaya cikin ɗari kuma ya zauna har abada. In hoto ya nuna saiwa ta rungumi jijiyar, wasu likitoci kan yanke kan haƙorin kawai su bar saiwar. Na sama kuma yana kusa da kogon da ke gefen hanci, wani lokaci a samu ƴar ƙofa tsakaninsu sai an rufe.

In ciwo ne ya sa aka yi aikin, wannan haɗari ƙarami ne a kan amfanin. In ba ciwo, an ɗauki haɗarin ne a kan abin da bincike ya ce ba zai hana ba. Ga kuma kuɗi. Kulawa kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, ba ta kai ga ɗan kwaleji ba. Mota, hoto, aiki, magani, abincin mai rakiya, duk daga rumbu za su fito ko daga aljihun wanda ke waje.

Kafin ku amince

Kada a yanke hukunci a kan hoton salula. A je wurin likitan haƙori na gaske, a manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maradi ko Tawa, a yi hoton da ke nuna baki duka, wanda ake ce wa panoramik. Mutanenmu kan ce a yi radiyo, amma ba irin tamu ba, mu magana kawai muke iyawa. In hoton ya fito, ku ce wa lokotoro ya nuna muku da yatsa: wane ne mai ciwon, mene ne ciwon, me zai faru in aka bar shi shekara ɗaya, kuma saiwar tana kusa da jijiya ko a'a. In an ce huɗu za a cire, ku tambayi dalilin kowane ɗaya, don sau da yawa ɗaya ne ke da laifi sauran rakiya suka yi. Ku tambaya ko allurar kashe wuri ta isa ba sai an sa yaro barci ba. Tambaya ba raini ba ce, kuma jin ta bakin likita na biyu ba laifi ba ne. Shi ma yaron a ji ta bakinsa, ɗan shekara 16 ya san inda ke masa ciwo.

Ku faɗa wa likita in yaron yana da amosanin jini, wato sikila, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko jininsa ba ya saurin tsayawa in ya yanke, ko wani magani ya taɓa tayar masa da ƙuraje. In yarinya ce mai aure kuma tana da ciki ko ana zato, a faɗa tun kafin hoto. In ba gaggawa, a sa aikin cikin hutu, nesa da jarrabawar BEPC ko BAC.

Masu cire haƙori a kasuwa kuwa, wannan turmi ya fi ƙarfinsu. Saiwa ta karye a ciki, ko ƙarfen da ba a dafa ba ya sa wa yaro ciwon hanta ko sida. Haka zuba ruwan batir ko fetur, ko danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona nama kawai suke yi. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi kafin a isa asibiti, ba sa warkarwa. Tramol na masu talla kuma kada ya shiga bakin yaro da sunan ciwon haƙori.

Bayan an cire

A cije audugar da aka sa na rabin awa zuwa awa ɗaya. Ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da miyau, ba tsotsa da tsinken roba, don gudan jinin da ya daskare cikin ramin shi ne murfin ciwon. Daga washegari a riƙa kurkurawa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane cin abinci. A ci mai laushi: kunu da koko da suka huce, fura da aka dama sosai, tuwo mai taushi, ƙwai. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa da dambu su jira, don suna shiga ramin. Taba kuwa, ko ta sha ko ta baki, a nisance ta aƙalla mako guda. A sha maganin da ke kan takardar likita yadda aka rubuta, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 16 asfirin.

Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. In zafi ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a rana ta uku zuwa ta biyar, yana harbawa har kunne, baki na wari, gudan jinin ne ya fita ƙashi ya zauna a buɗe. A koma wurin likita ya wanke ya sa magani a ramin. Haka in jini ya ƙi tsayawa bayan an cije tsumma mai tsabta na awa ɗaya, ko zazzaɓi ya taso, ko leɓe bai dawo da ji ba har washegari. Wanda ya zo daga nesa, in da hali, ya kwana biyu ko uku wurin ƴan uwa a birni kafin ya kama hanyar gida.